Sarƙar da Ba a Ƙwace Ba

Kun gani. Kada wanda ya ce min bai gani ba. Bidiyon nan da yake zaga wayoyinku tun ranar Lahadi nake nufi, wanda wani dogon saurayi ya tsaya a barandar gida mai koren fenti yana kaɗa sarƙar zinare a gaban kyamara, abokansa na ihu a bayansa. Kun danna masa alamar wuta, kun tura wa abokanku, wasunku har da rubuta “an gama da Garwashi.” Da wata mata ta rubuta a ƙasa cewa irin wannan wasa gawa yake haifarwa, kun wuce ta kamar ba ku iya karatu ba. Haka kuka yi bara da aka harbe ɗan ƙanwar mahaifiyata a bakin shagon wanki. Kun haddace zambon da ya jawo abin, ranar jana'iza kuka rubuta “ka huta lafiya,” kuka koma neman sabuwar rigima.

To, barandar nan ta gidanmu ce. Dogon nan yayana ne. Sarƙar kuma daga wuyana aka cire ta.

Sunana Jalisa. A unguwar Watts ta Los Angeles aka haife ni, a gidan kakata Odessa, wadda ta riƙe mu ni da Yaya Terrell tun da mahaifiyarmu ta rasu. Karatun jinya nake, ina shekarar ƙarshe. Yaya Terrell shi ne wanda kuka sani da Gatari a waƙar gambara. Jarinsa a duniya guda ɗaya ne: bai taɓa ƙarya a waƙa ba. Idan ya ce ya kwana a gidan yari, ya kwana, ni na riƙa raka Kaka ziyara. Idan ya ce akwai harsashi a cinyarsa, yana nan, ni nake dafa masa ruwan gashi idan sanyi ya taso. Ku kuna kiran wannan “na gaske.” Ni ciwo nake kiransa.

Garwashi kuwa, wanda kuke cewa an gama da shi, sunansa Lamont. A tsallaken titin jirgi ya tashi, inda 'yan daba suke ɗaura jan ƙyalle, namu na nan shuɗi. Ban san shi ne Garwashi ba ranar da na fara ganinsa. Ina aikin koyo a ɗakin wankin ƙoda, sai ga wani saurayi da tsohuwar rigar sanyi ruwan toka, ya durƙusa yana gyara wa mahaifiyarsa safa. Ba tabarau, ba sarƙa, ba ɗaure fuska. Ya ɗago ya ce, “Malama Nas, don Allah akwai ƙarin bargo? Tsohuwar nan ta fi shekara ashirin tana tuƙa bas, amma iskar fanka tana kayar da ita.”

Uwar ta make masa ƙeya. “Tsohuwar wa? Zan tashi in nuna maka.”

Na yi dariya, kuma daga wannan dariya ban sake samun kaina ba. Sai da muka yi nisa na gane cewa shi ne wanda Yaya yake zaga a waƙa, mai aron tarihin wasu, ɗan coci da ya sa rigar 'yan daba. Abin da ya fi ciwo, Yaya bai yi ƙarya ba. Lamont piyano yake kaɗawa a cocinsu tun yana yaro. Bindigar da kuke gani a bidiyonsa ta haya ce, ko harsashi ba ta ɗauka. Ya yi waƙoƙi a kan mahaifiyarsa, a kan tashin asuba da jiran bas, babu wanda ya saurara a cikinku. Da manajansa ya ce ya ɗaure fuska ya ambaci sunan unguwa ya yi barazana, sai kuka taso masa kamar ƙudaje. Ku kuka zaɓa masa rigar nan, yanzu kuma kuna tuhumarsa da sa ta.

Wata Asabar da rana ya kai ni kasuwar kifi ta San Pedro. Muna zaune a bencin katako, tiren jatan lande da dankali a tsakaninmu, tsuntsayen teku na neman sace mana burodi, sai ya cire sarƙar daga wuyansa. Kun san ta: zinare mai kauri, da abin lilo mai siffar garwashin wuta, an jera masa jajayen duwatsu. Abin da ba ku sani ba, a bayansa an zana sunan mahaifiyarsa, Loretta.

“Juyo,” ya ce.

“Kai, ɗan coci, ka haukace? Ka san gidan da zan koma da ita?”

“Na sani. Zobe sai na shigo gidanku da rana tsaka na gaida Kaka. Wannan ki riƙe min kafin nan. Duk abin da na mallaka da mutane ke tsoro, ga shi na ba ki. Saura ni kaɗai, wanda ba ya ba kowa tsoro.”

Na ce masa nauyinta zai karya min wuya. Ya ce to in ci gaba da cin jatan landensa in samu ƙarfi. Haka na dawo da ita a ƙarƙashin riga, sanyinta a ƙirjina, zuciyata na bugun ta.

Ku da ba a nan kuka tashi ba, ku fahimci abu ɗaya. A wurin mawaƙan nan sarƙa ba ado ba ce. Mutuncin mutum ce da na unguwarsa a rataye a wuya. Wanda aka ƙwace wa tasa, aka nuna a duniya, ya mutu a tsaye. Ko dai ya je ya karɓo ta da hannunsa, ko ya bar waƙa, ya bar unguwa. Na san wannan sarai. Ina ɓoye ta a cikin akwatin takalmi, sai ranar da kewarsa ta dame ni nake sa ta a ƙarƙashin kaya.

Lahadin da ta wuce ta dame ni.

Mun dawo daga coci, ina sanye da doguwar rigata ruwan zuma mai maɓallai a gaba, Kaka ba ta ko cire farar hularta mai fure ba ta shiga kicin. Gidan ya cika da ƙamshin miyar gumbo, kuɓewa da kaguwa na tafasa, burodin masara na huce a kan taga. Yaya na zaune a teburi, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan kujera, yana satar gefen burodin.

“Terrell, in ka ƙara taɓa shi sai na karya ɗaya ƙafar,” in ji Kaka, ba ta ko waiwayo ba. “Jalisa, sauke min tukunyar nan, bayana ya ƙi.”

Na sunkuya na kama hannayen tukunya. Maɓallin sama ya ɓalle. Garwashin ya zamo ya fito yana lilo a cikin tururi, jajayen duwatsun na ƙyalli.

Na ajiye tukunyar a hankali. Yaya ya sauke ƙafarsa.

“Mene ne wannan?”

“Yaya, bari in yi maka bayani.”

“Na ce mene ne wannan a wuyanki, a kicin ɗin Kaka?”

“Ba ni ya yi. Aurena yake so. Ya ce zai zo ya…”

“Aure!” Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. “Duk mazan Los Angeles, Jalisa. Akwai direbobi, akwai malamai, akwai masu gyaran famfo. Sai wanda ya ce a waƙa zai sa ni rarrafe da ɗaya ƙafar?”

“Kai ma ka ce za ka sa uwarsa ta sayi baƙin mayafi. Na san uwar, Yaya. Ni nake sa mata allura.”

Kaka ta ce, “Ku zauna a ci abinci, a yi magana kamar mutane.” Amma ya riga ya miƙo hannu. Bai fizga ba, wannan zan faɗa saboda gaskiya. A hankali ya zare ta ta saman kaina, kamar yadda yake cire min jakar makaranta muna yara. Na ɗauka zai jefa ta a shara, ko ya ce in mayar. Sai na ga ya tsaya yana auna nauyinta a tafin hannu, idonsa ya sauya. Ya fita baranda yana danna waya.

Kafin gumbo ya huce, yaran layinmu sun cika ƙofar gida. Ta taga na ji muryarsa, wadda kuka ji: wai ya tare Garwashi a gidan mai, ya cire masa ita daga wuya, shi kuma ya ruga ya bar takalmi ɗaya. Mutumin da bai taɓa ƙarya a waƙa ba ya yi ta farko, a kaina.

Wayata ta yi ƙara, Lamont ne. Na shige banɗaki na kulle.

“Kina lafiya? Ya taɓa ki?”

Abin da ya fara tambaya ke nan. Duniya na yi masa dariya, shi yana tambayar ko an taɓa ni. Na zauna a bakin bahon wanka na yi kuka har na rasa numfashi.

“Lafiyata ƙalau. Ka yafe min. Ka fito ka faɗi gaskiya, ka ce ni ka ba.”

“In na faɗa, na ce wa duniya ƙanwar Gatari tana soyayya da ɗan jan ƙyalle. Wa zai raka ki tashar bas gobe?”

“To ka yi shiru, zai wuce.”

“Nas, ba ya wucewa.”

Bai wuce ba. Washegari ya turo min hoton saƙon manajansa: ko ya dawo da sarƙar a gaban kyamara, ko kamfani ya ajiye sabon faifansa. A ƙarshen saƙon har da cewa rigimar tana jawo masu saurare, kada a bari ta huce. Mutumin nan a bayan duwatsu yake zaune, inda ake shayar da ciyawa da famfo mai juyawa. Bai taɓa wanke jini daga baranda ba. Su kuma yaran unguwar su Lamont suka same shi a ƙofar gidan uwarsa. Suka ce ya ci abinci da sunan unguwa shekara da shekaru ba su ce komai ba, yanzu ya sa ana yi musu dariya. Mota na nan, kayan aiki na nan, ya faɗi rana kawai. In kuma ba zai je ba, su za su je ba shi.

Na samu Kaka a falo tana ninke kayan wanki, talabijin na yi ba murya.

“Kaka, zan fito in faɗa. Ni aka ba, ba ƙwace aka yi ba.”

Ta ajiye tawul ɗin. “Za ki rufe bakinki, 'yar nan.”

“Za a kashe mutum a kan ƙarya!”

“In kin buɗe baki, wa kike tsammani za a fara kashewa? Yaran nan da suka tsaya a bayansa suna ihu, kin ɗauka za su yafe masa ya mai da su abin dariya? Na binne 'yata. Na binne jikana bara. Ba zan ƙara ba.” Ta ɗauki wani tawul. “A da, in irin wannan ta faru, manyan unguwa ke zama. Wani dattijo daga nan, wani daga can, su haɗu a shagon aski, a naɗe abin a takarda a mayar, kowa ya ce bai san zancen ba. Yanzu wa zai mayar da abin da duniya ta riga ta gani?”

Kun ji? Ku take nufi. Akwai hanyar sulhu, idanunku ne suka toshe ta.

Ranar Laraba da yamma na shiga garejin da Yaya ya mayar situdiyo. Katifu a jikin bango don tare sauti, warin taba da turaren ɗaki, kwanon abincin da na kai masa tun safe bai taɓa ba. Yana zaune shi kaɗai, sarƙar ba ta wuyansa, tana kan gwiwarsa, ya juya bayanta.

“Wace ce Loretta?” ya tambaya, bai dube ni ba.

“Uwarsa.”

A damtsensa na hagu akwai sunan tamu uwar, ya sa an zana masa tun yana ɗan sha shida.

“Da gaske ba ta da lafiya?”

“Ƙodarta duka biyu. Shi yake kai ta, shi yake ɗauko ta.”

“Ban sani ba.” Ya shafa fuskarsa. “Na rantse ban san da sunan ba sai da na gama ɗauka.”

“To ka mayar, Yaya. Ni zan kai. Ba wanda zai sani.”

“Kowa zai sani! Jiya sai da suka ce in sa ta mu zaga unguwa. Gobe za su ce in sa ta a sabon bidiyo. In suka tambaya na ce babu, me zan ce? Ta ɓata a wanki?” Ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. “Ke kina da makaranta, Jalisa. Kin gama, ki sa farar riga, ki tafi inda kike so. Ni mene ne nawa? Wa zai ɗauki mai tambarin gidan yari da gurguwar ƙafa? Abu ɗaya nake da shi, in na yi magana a yarda. In wannan ya tafi, ni ba kowa ba ne.”

“Kai yayana ne.”

“Wannan ba ya hana harsashi.”

A nan na ga abin da ba za ku taɓa gani a bidiyo ba. Gatari tsoro yake ji, irin wanda Lamont yake ji a tsallaken titin jirgi. Maza biyu, kowanne a kulle cikin hoton da kuka fi so, kowanne yana jiran ɗayan ya fara abin da ba wanda yake so.

Na ce masa, “Da kana so na, da ba ka yi min haka ba.”

Ya ce, “Da ba na son ki, da na faɗi inda na samo ta.”

Na fito na bar shi da sunan uwar wani a kan gwiwa.

Yau Juma'a. Ina cikin bas ina dawowa daga asibiti, da kayan aikina shuɗi, sai saƙon Lamont ya shigo, dogo, ba kamar yadda ya saba ba.

“Na yanke shawara. Jibi bayan coci zan zo gidanku. Ni kaɗai, da kwat ɗina na coci, hannuna ba komai sai furen Kaka. Zan ƙwanƙwasa ƙofa in gaishe ta, in nemi aurenki. Sannan in roƙi yayanki ya ba ni sunan mahaifiyata. Zinaren ya riƙe in yana so. Na gaji da zama Garwashi. In za su ce na bogi ne, su ce. Gara su faɗa ina numfashi.”

“Kada ka zo! Yaran layinmu suna kwana a ƙofar gida.”

“Na yi miki alkawarin rana tsaka, Nas.”

“Su naku fa? Sun sani?”

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. Daga ƙarshe ya turo: “Na faɗa wa mutum ɗaya don ya hana su biyo ni.”

Mutum ɗayan nan bai riƙe ba. Kafin in sauka daga bas, wani daga unguwarsu ya saka hoton allon sunan layinmu, ya rubuta “Lahadi” a ƙasa, da jan ɗigo. Ku kuma kun taru a ƙarƙashinsa kamar masu jiran wasan dambe. Na karanta da idona. Wani ya ce zai sayi gugguru. Wata ta ce in Garwashi bai zo da wuta ba, ta daina jin waƙarsa. Wani yana tambaya ko za a nuna kai tsaye.

Na shiga gida na faɗa wa Kaka komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta jona dutsen guga, ta ɗauko farin mayafin teburi mai leshi da ba ta shimfiɗawa sai ga babban baƙo, ta goge shi tsaf. Na ji sanyi a raina. Sai ta koma ɗaki ta fito da baƙar rigarta, wadda ta sa bara ranar jana'iza, ta shimfiɗa ita ma a kan katakon guga.

“Kaka, wannan fa?”

“Ban san wanne a cikinsu ranar za ta nema ba,” ta ce, ta ci gaba da guga.

Shi ya sa na karya umarninta nake rubuta wannan. Ba a ƙwace sarƙar nan ba. Ba a yi komai a gidan mai ba, ba wanda ya ruga ya bar takalmi. Namiji ne ya ba macen da yake so, yayanta ya gani ya ji zafi, ya yi ƙarya, yanzu yana nadama ya rasa ƙofar fita. Babu abin ramawa. Yaya, na san za ka karanta, na san wataƙila ba za ka ƙara kirana ƙanwarka ba. Na zaɓi in gan ka da rai kana fushi da ni. Ku kuma yaran layinmu, ni na jawo, ni na shigo da ita gida. In dariyar duniya ce ta dame ku, ku bari ta sauka a kaina.

Saura ku masu karatu. Kada ku rubuta min “Allah sarki” ku wuce. Ku koma ƙarƙashin bidiyon nan yanzu, kowa ya goge abin da ya rubuta, ya cire alamar wutarsa. Duk wanda kuka tura wa bidiyon, ku tura masa wannan. In kana da ƙane ko ɗa a ɗaya daga cikin unguwannin nan biyu, ka kira shi yau, ka riƙe shi a gida ranar Lahadi ko da za ka zauna a kan makullin motarsa. In kai dattijo ne da ake jin maganarka a shagon aski, ka sa hularka ka zo ka tsaya a barandarmu, koren gida ne, kun riga kun san shi.

Jibi wani saurayi zai taho layinmu da fure a hannu. Abubuwa biyu na rataye a ƙofar ɗakin Kaka, farin mayafin teburi da baƙar riga. Ku tashi ku taya ni mayar da baƙar cikin akwati.